Mai Katifa da Kyanwarsa Sufeto

Shagon Baba Mai Katifa shi ne na ƙarshe a jerin shaguna bakwai da ke ƙasan wani tsohon bene, daga shi sai kwata. In ka bi ta wurin da safe za ka same shi a bakin ƙofa, ya ɗaure hanci da ƙyalle, yana dukan auduga da sanda kamar ta yi masa rashin kunya. Shekara talatin da ɗoriya yana wannan sana'a. A kawo masa katifar da ta mutu murus, ya farke ta, ya zazzage cikinta ya shanya, ya bubbuge, ya ƙara sabuwar auduga ko soso, ya mayar ya ɗinke da basilla. Girarsa kullum fara fat, har ba mai iya rantsewa ko furfura ce ko aiki.

Ba mutum ne mai yawan magana ba, amma katifa ba ta ɓoye masa komai. Yana farke ta ya san gidan da ta fito. Ya san inda yara suka yi yawa, ya san wanda ke cin abinci a kan gado, ya san gidan da ɓeraye suka fi masu gidan iko. Bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya gani ba, kuma a ganinsa wannan rufin asirin shi ne rabin sana'ar.

Sufeto kyanwa ce, ja da fari, mai guntun kunne ɗaya. Shekara uku da suka wuce ya buɗe shago wata safiya ya tarar da ita ta miƙe a kan katifar da ya gama jiya, ƙashi da rai, amma tana kallonsa kamar shi ne baƙon. Sau uku yana korar ta, sau uku tana dawowa ta kafar taga. Daga baya ya lura ba kowace katifa take kwanciya a kai ba. Sai ta hau ta tattaka ta daga wannan kusurwa zuwa waccan. In ta yi mata, ta kwanta, in ba ta yi ba, ta sauka ta bar masa kayarsa. Duk wadda ta ƙi, in ya shafa sai ya ji dunƙule a ciki. Daga nan ya sa mata suna, kuma daga nan ba katifar da ta ƙara barin shagon sai da amincewarta. Ɓerayen da suka daɗe suna yi masa ɓarna a buhunan auduga kuwa, ko sallama ba su yi ba.

Aibin Sufeto ɗaya ne, haihuwa. Ba ta fashi, ba ta hutu. Kafin Baba ya gama mamakin waɗannan, ciki ya sake fitowa. 'Ya'yan sukan girma su watsu cikin ginin, wasu mota ta take, wasu su zama ɓarayin unguwa, sunansa kuma shi ke yawo a bakin maƙwabta. A wannan karon biyar ta zubo, a cikin audugar wata mata da ya shanya. Da suka yi wata guda suka fara yawo, sai biyu daga cikinsu suka shiga shagon mai yadi na kusa, suka zaɓi bandir mafi tsada suka yi fitsari a kai.

Washegari mai ginin ya zo da kansa. Mutum ne mai ƙiba da saurin fushi, amma ba mugu ba, kawai ya gaji da sauraron ƙara. Bai ko zauna ba.

“Baba, ina ganin girmanka, shi ya sa na zo da ƙafata. Shago na ba ka haya, ba gidan haihuwa ba. Nan da ƙarshen wata, ko dai ba kyanwa ko ɗaya a ginin nan, ko in sa a kwashe su a buhu a zubar a bayan gari. In kuma ba za ka iya rabuwa da su ba, to ka bi su.”

“Ranka ya daɗe, 'ya'yan zan nema musu wuri. Amma uwar ai ma'aikaciya ce.”

“Ma'aikaciyar da bayan wata huɗu za ta sake cika min gini? Sai dai in asibiti za ka kai ta a rufe mata haihuwar, ka ga sai in bar maka ita ɗaya.”

Da gatse ya faɗa, har yana dariya. Baba bai yi dariya ba. Ya cire ƙyallen hancinsa ya ce, “Ka yi alkawari?” Mai ginin ya ce ya yi, don bai taɓa zaton akwai mai hankalin da zai kai kyanwar titi gaban likita ba.

Da rana Baba ya rufe shago ya nemi asibitin dabbobi. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, sai warin magani da haushin karnuka. Likitar yarinya ce da ba ta wuce sa'ar jikarsa ba, da a ce yana da jika. Ta saurare shi tsaf, ta ce aikin ba wuya, za a sa kyanwar barci a cire mata mahaifa, amma sai 'ya'yan sun bar nono. Sannan ta faɗi kuɗin. Baba ya ce ta maimaita, wai ko kunnensa ne. Ba kunnensa ba ne. Kuɗin sabuwar katifa biyu ne cif, shi kuwa rabon da ya riƙe irinsu a dunƙule har ya manta.

Ya yi godiya ya fito, ya zauna a bencin jira yana lissafi. Bencin irin mai soso ne, faratan karnuka sun yi masa kaca-kaca. Hannun Baba kuwa ba ya iya zama kusa da yagaggen abu. Zuciyarsa na can wurin Sufeto, yatsunsa suka zaro basilla da zare daga aljihun gaba suka kama aiki. Bai farga ba sai da ya ji mutum tsaye a kansa.

“Baba, wa ya sa ka?”

Ya miƙe a kunyace. “Yi haƙuri, 'yata. Hannun ne ba ya jin magana.”

Likitar ta shafa ɗinkin, ta ja shi da ƙarfi, bai motsa ba. Sai ta ce ya biyo ta. A ɗakin baya akwai keji goma na dabbobin da aka yi wa aiki, kowanne an shimfiɗa masa kwali a kan ƙarfe. Ta ce ta daɗe tana son ƙananan katifu masu rigar da za a iya cirewa a wanke, yadi mai laushi, amma duk wanda ta tambaya sai ya yi mata kallon mahaukaciya. In zai yi mata goma, ya gyara bencunan jira guda biyu, ita za ta yi aikin Sufeto, ba sai ya kawo ko sisi ba.

Baba ya dawo gida kamar an yi masa bushara. Guntayen soso yana da su buhu-buhu. Riguna ne matsalar, domin ba shi da yadi, kuma shi gwanin basilla ne, keken ɗinki na matarsa ne. Ita ke ɗinka masa rigunan katifa a gida tun farkon aurensu. Shekara talatin da huɗu ke nan, har yau Amarya yake kiran ta, unguwa ma ta ɗauka, har yaran da aka haifa jiya. Mace ce mai tsabta har ta ɓaci, wadda ko kaza ba ta yarda ta taka mata tsakar gida ba, balle kyanwa. Allah bai ba su haihuwa ba. Sun yi neman, sun yi kukan, 'yan uwa sun yi maganarsu har sun gaji, su biyun kuma suka rufe zancen suka ci gaba da zama lafiya.

Yana cin abinci yana ba ta labari, baki har kunne. Bai lura keken ya tsaya ba sai da ya kai ƙarshe.

“Malam, me ka ce za a cire mata?”

Ya maimaita, a hankali wannan karon.

“Mu da muka nema har ƙafa ta gaji ba mu samu ba. Ita an ba ta, kai kuma za ka yi aikin kwana da kwanaki don a raba ta da shi. Kuma da hannuna kake so in ɗinka?”

Baba ya ajiye lomar da ya ɗauko. Wallahi ko kusa tunaninsa bai je nan ba, kuma wannan ne ya fi ba shi kunya. Ya ture kwano gefe. Sannan ya gaya mata abin da bai taɓa gaya mata ba: 'ya'yan haihuwar baya, guda huɗu, wani ne ya tura su cikin kwali ya jefa a kwata, shi ya tsamo su da safe bayan ruwa ya ɗauke. Kwana uku Sufeto tana zagaye ginin tana kira.

“Ba don in hana ta ba ne, Amarya. Na gaji da binne su.”

Ta rufe keken da zane ta shige ɗaki, shi ma bai ƙara tayar da zancen ba. Mako uku ana gaisawa, ana cin abinci, amma gidan ba daɗi.

Ya mai da hankali kan nema wa 'ya'yan gida, kuma a nan ne sana'arsa ta yi masa rana. Bai bi mutane yana roƙo ba, katifu ya bi. Ta wani mai sayar da hatsi ta zo duk huda, da kashin ɓera a ciki. Da Baba ya mayar da ita a kan baro, ya tafi da 'yan kyanwa biyu a kwando, ya ce wa mutumin, “Na gyara, amma in ba ka ɗauki masu gadi ba, bayan wata uku za ka sake biya na.” Mai hatsi ya duba ramukan da aka nuna masa a tsohuwar rigar katifar, ya karɓi biyun har da godiya.

Na ukun kuskure ne ya yi masa gida, kuma Baba har gobe ba ya son a tuna masa. Wata ma'aikaciyar jinya ta kawo dogon matashi a cika mata. Ya cika, ya tafi shan ruwa, ya dawo ya kama bakin ya ɗinke, ya kai mata har gida. Yana karɓar kuɗin aikinsa matashin ya yi kuka. Matar ta yi tsalle ta haye kujera tana salati, Baba ya farke ɗinkin da sauri, sai ga ɗan kyanwa ya leƙo, auduga har cikin kunne, yana hamma. Ya shiga ba da haƙuri, amma 'yan matan gidan biyu sun riga sun ɗauke ɗan kyanwar sun shige ɗaki sun turo ƙofa. Uwar ta gama faɗanta ta tambayi abin da yake ci.

Na huɗun ya fi tsaya masa a rai. Wani tsohon malamin makaranta ne ya aiko da katifa mai faɗi, gefe ɗaya ya lotsa har ƙasa, ɗaya gefen kuwa kamar ba a taɓa hawa ba, ga shi yadin ya nuna a da mutum biyu ke kwana. Baba ya gyara ya kai. Gidan tsit, kofi ɗaya, kujera ɗaya a bakin taga. Ya ajiye kwando ya ce, “Malam, don Allah ka riƙe min wannan kwana biyu, shagon ya yi mana kaɗan.” Tsohon ya ce shi bai iya kiwo ba. Baba ya ce ba kiwo ba ne, ajiya ce. Bai koma karɓar ajiyarsa ba, malamin ma bai aiko a zo a ɗauka ba, sai dai an fara ganinsa da yamma a shagon mai madara.

Saura ɗaya, 'yar autar, baƙa ƙirin, ƙarama, ƙafar baya ɗaya a karkace. Wannan ba katifar da ta kira ta. Duk wanda ya nuna wa sai ya ce, “Ayya,” ya kau da kai. Ya gama bencunan biyu, ya yanka soso goma daidai awon keji ya jera su a kusurwa tsirara. Ya je ya tambayi kuɗin yadi mai laushi, ya dawo bai saya ba. Saura kwana biyu wata ya ƙare, ya zauna a bakin shago, Sufeto na goga kai a ƙafarsa.

Da hantsi sai ga Amarya. Rabonta da shagon ya fi shekara goma, don ƙurar auduga na sa ta tari. Ta shigo da ƙulli a ka, ta sauke a kan tebur, ta ce, “Gwada ka gani ko awon ya yi. Daga takardar awon da ka bari a aljihu na ɗauka.”

Ya kwance. Riguna goma ne, kowace da maɓallanta, ɗinki kamar na kanti. Ya ɗaga ta farko, hannunsa ya tsaya. Ya san yadin. Zannuwan goyo ne da tawul-tawul na jarirai da ta saya a shekarar farko ta aurensu, waɗanda ke ƙasan akwatinta tun lokacin. Duk shekara takan fito da su ta shanya ta mayar, shi kuma yakan yi kamar bai gani ba.

“Amarya…”

“Kar ka ce komai, Malam. Asu ne zai cinye su. Gara wani mai ciwo ya kwanta a kai.”

Ya juya baya yana saka soso a riga, ya daɗe a kan ta farkon fiye da yadda aikin ke bukata. Ita kuma ta tsaya tana kallon Sufeto, Sufeto na kallon ta. Kyanwar ta taso ta hau katifar da ya gama, ta tattaka ta kusurwa zuwa kusurwa, ta kwanta.

Washegari tare suka je asibitin, shi da baro da katifu, ita da kwando. Da aka shiga da Sufeto, Baba ya kasa zama. Ya fita ya dawo, ya tambayi mai shara ko an taɓa samun wadda ba ta farka ba, mai shara ya ce shi shara yake yi. Amarya ce ta zauna daram, tana jan carbi, 'yar baƙar na barci a kwando kusa da ƙafarta, don ba wanda za a bar wa ita a shago.

Bayan awa guda likitar ta kira su. Sufeto na kwance a keji a kan sabuwar katifa, harshe a waje, ido a buɗe ba ya gani, ciki a aske. Zuciyar Baba ta yanke. Ya ce a ransa shi ke nan, ya kashe ta da son kansa. Ya sa yatsa ta tsakanin ƙarafa ya taɓa guntun kunnen. Shiru. Ya sake taɓawa, kunnen ya kaɗa, kamar yadda take yi in ƙuda ya dame ta. Baba ya saki numfashi ya yi hamdala da ƙarfi har wani kare ya amsa.

Da hankalinsa ya dawo, ya sa tabarau ya duƙa yana duba cikin. Likitar ta ce, “Lafiya, Baba?”

“Ɗinkin nake dubawa.” Ya ƙirga da ido, ya gyaɗa kai. “Tazarar ta yi daidai, ba ki ja fata ba. 'Yata, da kin zo wurina da na ɗauke ki aiki.”

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuma ya shiga sa mata albarka, ita da iyayenta da malaman da suka koya mata, har sai da Amarya ta ja masa hannun riga.

Ranar ƙarshen wata mai ginin ya zo da yamma, da buhu a hannun direbansa. Baba ya ɗaga Sufeto a hankali ya nuna masa cikin, ya miƙa masa takardar likita. Mutumin ya karanta, ya kalli Baba, ya sake karantawa.

“Kai, Baba! Da gaske ka yi? To, magana ɗaya ce, na faɗa. Ta zauna.” Sai idonsa ya faɗa kan kwandon. “Wannan baƙar fa? Ɗaya muka ce.”

Direban ya matso da buhu. Amarya, wadda ta sake zuwa ranar wai don ta ga jikin mai jinya, ta riga shi kai hannu. Ta ɗauki 'yar kyanwar ta naɗe ta a ragowar tawul ta rungume.

“Wannan ba ta ginin nan ba ce, Alhaji. Gida za mu.”

Mai ginin ya ɗaga kafaɗa ya shiga mota. Baba ya zuba wa Sufeto ruwa, ya gyara mata shimfiɗa, ya rufe shago. Yana so ya yi wa matarsa godiya, amma duk kalmar da ya ɗauko sai ya ga ta yi kaɗan, don haka ya bi ta a baya kawai, tana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

A bakin layinsu wata maƙwabciya mai baki na zaune tana tsince shinkafa. Ta hango naɗaɗɗen tawul a ƙirjin Amarya, ta ɗaga murya da wasa, “A'a, Amarya! Me aka samu?”

Baba ya yi sauri ya matso kusa da matarsa. Shekara talatin da huɗu yana tsaya mata tsakaninta da wannan tambayar. Maƙwabciyar ma ta gane abin da ya fito daga bakinta, ta dafe bakin da hannu.

Amarya ta tsaya. Ta ɗan buɗe tawul ɗin, baƙin kai ya leƙo. Ta gyara masa rufi ta ce, “Mace ce. Sai ku shigo barka.”

Ta wuce ta buɗe ƙofa. Baba ya tsaya a waje yana dariya shi kaɗai, hawaye na bin gemunsa, sai da ta leƙo ta ce ya daina tsayuwa ya je ya sayo madara kafin a rufe.